Tsamiya a Gonar Aro

Waziriyya, Jidda
Watan Rajab

Zuwa ga 'yar'uwata Hadjara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da jikoki da dukan mutanen Gidan Tambari. Mu nan alhamdu lillah. Na rubuto miki da ajami yadda Baba ya koya mana, tunda kin ce saƙon murya a wayar mai shago ake kunna miki, rabin kasuwa na saurare. Ƙaninki Maman Lawali zai ba wani mai komawa gida daga Umra ya kawo miki.

Albishirinki. Kin san shekara ke nan da rasuwar Baba, kuma tun ranar nake neman sadakar da ladanta ba zai yanke masa ba. Rijiya kowa na haƙawa, masallaci kuwa ƙarfina bai kai ba. Sai ga ɗana Badr ya zo da magana daga sharikar da yake aiki, wato kamfaninsu, ta jigilar kayan sanyi. Ya ce yanzu kowace sharika mai hankali tana lissafa hayaƙin da motocinta da injinanta ke fitarwa, sai ta biya a dasa itatuwa a wata ƙasa su shanye shi. An ba ma'aikata dama, kowa ya zaɓi wuri ya sa sunan wanda yake so. Wallahi ya Hadjara, ina jin haka gonar Baba ta faɗo mini a rai, wadda ya bar wa ƙaninsa, babanku, aro ranar da ya kama hanyar Makka a ƙasa yana saurayi. Bai sake ganinta ba, amma har ya tsufa yana ba mu labarinta kamar jiya ya baro ta.

Ke ba ki san abin da muke gani a nan ba. Ina yarinya a unguwar Nuzla a saman gida muke kwana, iskar teku ta ishe mu. Yanzu in mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya tsaya ɗan lokaci, sai mutum ya fara kalmar shahada. Ruwan sama kuma a yi shekara ba a gan shi ba, ranar da ya zo ya kwashi motoci a titi kamar kwanonin wanke-wanke. Badr ya ce duk hayaƙi ne ya jawo, har da farin da kuke fama da shi can. To kin ga jifa ɗaya na yi, Baba ya samu lada, duniya ta huce, ke kuma ki samu inuwa kina noma.

Mu biyu kaɗai Baba ya bari, ni da Mahmud, shi ne namiji, shi ya sa hannu a takardar. Mutanen aikin za su zo, ki karɓe su da kyau. Da gangan na hana a gaya miki tun farko, so nake ki yi mamaki. Kada ki wahalar da kanki wajen godiya, yaʿni tsakaninmu babu wannan.

Ki gaida kowa da kowa. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarki,
Luba

*

Gidan Tambari, ƙasar Tasawa
Bayan ƙaramar Salla

Zuwa ga Yaya Luba,

Wa alaikumus salam. Na gaishe ki da kyau, na gaida Yaya Mahmud da iyalinsa, na gaida Badr mai hayaƙi. Barkanku da shan ruwa, Allah Ya maimaita mana.

Mamaki kam na yi shi, Allah Ya biya miki buƙata. Ya ma riga takardarki isowa. Wata safiya na tafi gona kwasar kara, na tarar da mota da mutanen furoje, masu aikin dashen itatuwan nan, suna kafa ƙarafa suna jan wayar shinge. Na tambaye su ko hanya suka ɓata. Babbansu ya nuna mini sa hannun Yaya Mahmud, ya ce masu gona suka aiko. Kafin azumi ya raba tsakiya sun dasa dakwara layi-layi, da tsakar rani, wai mutanen Jidda na son hoto da wuri. Amalanke ke kai musu ruwa daga rijiyar da muke layi a kanta. Sun kafa allo a bakin gona da sunan Baba Bawa, Allah Ya jiƙansa, fentinsa ya fi na lakol, makarantar bokonmu, kyau.

Yaya, ashe Baba Bawa ya ba ku labarin gona bai ba ku labarin aro ba? A nan wanda aka ba aron gona yana shuka hatsi, ya shuka wake, ya ci har ya tsufa ɗiyansa su ci, amma ba ya dasa icce. Icce mai gona ke dasa shi. Ranar da mai gona ya aiko aka dasa icce, ya gaya wa gari ke nan ya karɓi abinsa, ba sai ya buɗe baki ba. Babanmu ya mutu bai dasa ko zogale a gonar nan ba. Ni ma tun da mijina ya rasu na dawo gida nake nomanta, ban dasa ba, don kunyarku da ban taɓa ganin fuskokinku ba sai a hoto.

Mata suka yi ta shigowa yi mini jaje kamar an yi mutuwa. Mariama maƙwabciyata har da kwanon tuwo, tana tambayata a hankali mi na yi wa 'yan Makka. Na ce mata ban yi musu komi ba, alheri suka yi mini. Ta dube ni kamar zafi ya taɓa mini kai.

Maganar inuwa kuwa, na gode, ina da ita. Akwai gawo a gonar nan ko'ina. Ban dasa ba, Allah Ya tsiro da su, ni dai in ina sassabe sai in kauce musu, in rage musu rassa, in kore awaki, shekara da shekaru. Gawo da damina yake zubar da ganye, hatsi na son gindinsa. Mutanen furoje sun sare ƙananan da suka tare musu layi, ina tsaye ina kallo ta bayan waya.

Sun ce ba a shiga da hauya sai bayan shekara talatin. Ni shekara talatin ina ina? Jikoki huɗu ke gabana, uwarsu ta rasu, ubansu na Aljeriya ba labari. Hayaƙin da kuke faɗa kuma, ni nawa na murhu ne, safe da maraice, wani lokaci ma maraice kaɗai.

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba. Amma tambayata ɗaya ce. Damina na tafe, in shuka ko kar in shuka?

Allah Ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Hadjara

*

Khumra, Jidda
Ƙarshen Shawwal

Zuwa ga Yaya Hadjara,

Salamu alaikum. Gaisuwa irin ta ƙani ga yayarsa. Ina yara, ina gajiya, ina haƙuri da mutanen Makka? Ni ina nan lafiya, shugul dai, wato aiki, ba sauƙi.

Takardar da kika aiko wa Yaya Luba ta hannuna ta biyo, kuma tunda ba ki liƙe ta ba na karanta. Na karanta na kasa cin abinci. Ranar Juma'a na kai mata da kaina Waziriyya, na tarar kowa ya hallara, Yaya Mahmud na zaune a kujerarsa, an baza shinkafa bukhari. Falon nan mukayyif biyu ke aiki a ciki, har matar Badr ta lulluɓe jaririnta da bargo. Shi kuma Badr ya bar motarsa a kunne a ƙofar gida don kada ta yi zafi kafin ya fito. A nan aka zauna za a yi mini bayanin yadda za a ceci duniya.

Yaya Luba ta karanta takardarki ta yi kuka, wannan gaskiya ce, na gani da idona. Ta ce wallahi ba ta san maganar icce ba. Yaya Mahmud ya ce wannan al'adar ƙauye ce, ba a shari'a take ba. Na ce masa ai gonar ma a ƙauyen take.

Badr yaron kirki ne, kada ki riƙe shi a rai. Hausarsa ce dai sai a hankali, rabi Larabci. Ya fito da waya yana nuna mini yadda ake awon abin, wai kowace mota ga nauyin hayaƙinta, kowane icce ga abin da yake sha, in an daidaita biyun sai a ce sharika ta wanke kanta. Na saurare shi har ya gama, sannan na ce, "To gawon Yaya Hadjara fa? Su ba sa shan hayaƙi?"

Ya ce, yana kirana kawu da Larabci, "Suna sha ya khali, amma ba a lissafa su. Da mu da babu mu suna nan. Iccen da ake lissafawa shi ne wanda ba don mu ba da bai samu ba."

Na ce ke nan da kin sare su tun farko kin sayar da itacen girki, gonar ta koma fili, da yanzu ke ce mutuniyar kirki da za a zo a taimaka wa? Ya sosa ƙeya, ya ce a ƙa'ida haka ne, amma ba haka ake faɗarsa ba. Na tambaye shi in hayaƙi ya dame su, mi ya hana a rage shi nan inda ake yinsa. Ya ce wannan yana da tsada sosai, na can ya fi arha. Yaya, ke ce arhar. Na so in faɗa masa haka a gaban kowa, sai na tuna abu ɗaya.

Kin san kafilina, wanda ya tsaya mini a ƙasar nan, abokin Yaya Mahmud ne, shi ya haɗa mu, kuma iƙamata, takardar izinin zamana, ta kusa sabuntawa. Ba don ita ba da ba na aiko miki ko sabulu. Don haka na haɗiye sauran maganata da shinkafa, har na ce Allah Ya saka da alheri. Na tashi ina jin haushin kaina fiye da haushin kowa.

Kuma in faɗa miki gaskiya, ni ma ban fita ba. A mustauda nake aiki, ɗakin ajiyar sanyi, inda nake sa rigar sanyi da safar hannu a garin da kwalta ke narkewa. Injina na ruri dare da rana don kada madarar ƙanƙara ta narke, da wasu 'ya'yan itace da jirgi ke kawowa daga ƙasar da ban san sunanta ba. Hayaƙin da aka tura gonarki ta shanye, da hannuna nake loda wani daga ciki. Ina tunanin wannan kullum in na ɗaga kwali, bai kuma hana ni ɗagawa ba.

Yaya Luba ta ce za ta je ofishin su Badr da ƙafarta. Ki jira ta. Don Allah kada ki yi komi da fushi, na san halinki tun ranar da kika bi mai awo da muciya a kasuwar Tasawa. Halas, shi ke nan, ki jira kawai.

Ki shafa mini kan yara.

Ƙaninki,
Maman Lawali

*

Waziriyya, Jidda
Watan Zulƙida

Habibti Hadjara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina kuma neman afuwarki, ko da yake takardarki ta yi mini zafi. Alheri na nufa, Allah Ya sani. Shekara sittin da wani abu ina jin Baba yana faɗar gonar nan, ko sau ɗaya bai ce mana icce magana ne ba. Ta ina zan sani? Ni iccen da na sani shi ne wanda baladiyya, hukumar birni, ke dasawa a tsakiyar titi.

Na je sharikar su Badr. Sun ba ni gahawa da dabino, suka haɗa ni da wata yarinya mai suna Wafa', mai ladabi, ita ke kula da sashen. Ta buɗe babban allo a bango ta nuna mini gonarki daga sama. Ban taɓa ganinta ba sai ranar, ya Hadjara, na ga gonar ubana a bangon ofis. Ja ce fayau, da ɗigo-ɗigo baƙaƙe, na san gawonki ne. A ƙasa an rubuta wai ƙasa ce da ta lalace, babu mai amfani da ita. Na ce mata, "Ya binti, akwai mace a cikin nan." Ta ce hoton da rani aka ɗauka, kuma daga sama ba a ganin mutum.

Na ce tayyib, yanzu kun ji, ku cire gonar. Ta ce ba a hannunsu yake ba. Su sun saya ne daga wata sharika, ita kuma ta saya daga mutanen furoje, kowa da takardarsa. Kuma wai hayaƙin bara an riga an rubuta cewa gonarki za ta shanye shi, an buga a littafin shekara, an ba su lambar yabo, har ta nuna mini lambar a cikin gilashi. Na tambaye ta hayaƙin yanzu yana ina. Ta ce yana sama. Na ce to itatuwan fa? Ta ce tsawonsu bai wuce gwiwa ba tukuna. Na tashi kafin in faɗi abin da zai jawo wa Badr mushkila a wurin aikinsa.

Hanya ɗaya Wafa' ta ce ta rage, masu gona su janye da kansu. Na dawo na samu Mahmud, na ce mu ba ki gonar kyauta a huta, mu da ba mu san ƙarshen hauya daga farkonta ba. Ya ƙi. Na yi masa faɗa irin wanda ban yi masa ba tun muna yara. Sai ya nuna mini bango. Ashe hoton allon nan na bakin gona ya sa an wanke masa babba, ya rataye a falo.

Ki fahimce shi ko da ba ki yarda da shi ba. A garin nan aka haife shi, ya yi furfura, har yau iƙama yake sabuntawa kamar baƙon da ya sauka jiya. Gidan da Baba ya gina a Nuzla, inda aka haife mu, ya tafi lokacin da aka rushe unguwar, yanzu haya muke a Waziriyya. Kabarin Baba ma babu suna, nan ba a rubutawa. Ya ce mini, "Luba, duk faɗin duniya wurin nan kaɗai aka rubuta sunan ubana a kan ƙasa. Shi za ki ce in ba da?" 

Ranar na yi fushi da kowa, na kashe mukayyif na ce nawa hayaƙin dai na daina. Kafin la'asar jinina ya hau, jikata Shahad ta same ni kwance a kan tayil ta kunna shi tana mini faɗa. Ban hana ta ba.

Ki yi haƙuri bana kawai. Kada ki shiga gonar, kada ki ba su hujja. Zan aiko miki da shinkafa da mai wanda zai kai ku kaka, kafin nan in sha Allah na shawo kan Mahmud.

Wassalam. Ki sa ni a addu'a.

Yayarki,
Luba

*

Gidan Tambari
Farkon damina

Yaya Luba,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida na gaba da na baya.

Na ji bayaninki. Na ji tausayin Yaya Mahmud, da gaske nake, har na yi masa addu'a. Amma shi suna yake nema a ƙasar, ni tuwo nake nema a cikinta. Shinkafarki kuma ki riƙe abinki. Ba raini ba ne. In na ci shinkafar Makka bana, gari ya shaida ke nan an sallame ni an biya ni, baɗi ba ni da bakin magana.

An yi ruwan shuka ranar Lahadi, ruwa mai kyau, ƙasa ta jiƙa har gwiwar hannu. Gari ya watse, kowa da sungumi da ƙwaryar iri. Ni na tsaya a ƙofar gida ina amsa sannu. Ƙaramar jikata ta tambaye ni ko mu bana ba mu jin yunwa ne. Na shiga ɗaki na zauna, na jira kamar yadda ku duka kuka ce, har rana ta ɗaga. Daga nan jiran ya ƙare mini.

Akwai wata tsamiya da na tsirar a gwangwani a bayan ɗakina, tana nan tun bara waccan, ban san inda zan kai ta ba. Na ɗauke ta a ka, na ɗauki hauya da iri, na bi ta tsakiyar gari don kowa ya gani. Mai gadin furoje ɗan garinmu ne, a hannuna aka yi wa uwarsa wankan jego. Ya ce, "Inna, don Allah kada ki sa a kore ni." Na ce ya juya ya duba gabas, akwai hadari. Ya juya. Na ɗaga wayar shingen na shiga.

Na haƙa rami a gefen tudu, kusa da babban gawo, na dasa ta da hannuna. Tsamiya na dasa, ba zogale ba, balle a ce wasa nake. Yaya, na haura hamsin ban taɓa dasa icce a gona ba sai ranar. Bayan nan na shuka hatsina tsakanin layukan dakwara har inda ƙarfina ya kai. Ban taɓa dakwara ko ɗaya ba, sadakar mamaci ce, ba ni zan tumɓuke ta ba. Su sha hayaƙinsu, hatsina ya sha ruwansa.

Kin san ma'anar abin da na yi, tunda yanzu kin iya yaren icce. Mai gari ya kira ni. Ya ce mai aron da ya dasa icce ba da izini ba ya ci amana, aro ya mutu, sai ya fita har abada, shi da zuriyarsa. Amma ba zai yanke ba sai ya ji daga bakin magada. Zai kira wayar Maman Lawali ranar Juma'a bayan masallaci, a gaban liman da dattawa.

Ban nemi izinin kowa ba, kuma ba na roƙon a yi mini ƙarya. Ku faɗi abin da za ku iya maimaitawa gaban Allah.

Na bar ki lafiya.

Hadjara

*

Khumra
Ranar Laraba

Zuwa ga Yaya Luba,

Salamu alaikum Hajiya, ina wuni, ina ƙarfin jiki. Na rubuto ne maimakon in zo, don Yaya Mahmud ya ce kada in taka masa gida sai ranar Juma'a in kawo waya.

Na ce wa Yaya Hadjara ta jira, kin ce mata ta jira, ta je ta dasa tsamiya a gaban gari. Mai gadin an dakatar da shi. Kafilina ya kira ni jiya yana tambaya wace fitina ce dangina ke yi da Abu Raed, wato Yaya Mahmud, ya kuma tuna mini iƙamata ba tare da na tambaye shi ba. Haushi nake ji har wuya, kuma in kin tambaye ni haushin wa, ban sani ba. Ita ta yi ganganci. Amma in ni ne ke tsaye a ƙofar gida ranar ruwan shuka, ban san abin da zan yi ba.

Yaya Mahmud ya ce shi ba zai yi ƙarya ba, za a tambaye shi ko ya ba da izini, zai ce bai ba da ba. Gaskiyarsa ce. Daga nan mai gari zai rufe magana, yaran nan huɗu su tashi babu gona. Ni ba magaji ba ne, aikina riƙe waya. Yalla, sai Juma'ar. Don Allah kada ki shige ɗaki in an kira.

Ƙaninki,
Maman Lawali

*

Waziriyya
Juma'a, bayan la'asar

Hadjara,

Salam. An ce ba a bar ki kin zauna wurin ba, to ga yadda aka yi.

Mai gari ya tambayi Mahmud, Mahmud ya faɗi gaskiya. Za a shafa fatiha na karɓe wayar daga hannun Maman Lawali. Na ce mu biyu Baba ya bari, ba a raba gado ba, sulusi nawa ne, liman na nan ya ƙaryata ni in ba haka ba. Na ce na ba Hadjara shi kyauta, duniya da lahira, ku shaida. Mai gari ya tambaya ta wane gefe sulusin nawa yake. Na ce inda tsamiya take. A kan haka aka shafa fatiha.

Na san ba zai cika miki rumbu ba. Sauran kashi biyu na nan cikin shinge suna shanye mana hayaƙi, ban iya musu komai ba. Badr ya ce sharika za ta rubuto, su rubuto. Mahmud ya tashi ya bar falon, bai sauke hoton ba, bai kuma yi mini magana ba har yanzu. Mukayyif na kunne ina rubuta miki wannan, ba zan ɓoye miki ba.

Ki ba tsamiyar ruwa.

Yayarki,
Luba